Katin Malam Isyaku

"Ba zan matsar da katin nan ba, Baba."

Ban san muryata ta fita da ƙarfi haka ba sai da na ji masu bugu a bayan shago sun tsaya da dukan riga. Baba yana tsaye a kaina da carbi a hannu, ni kuma ina zaune gaban kwamfuta, yatsana a kan wani kati ja mai ɗauke da sunan Malam Isyaku.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zai yiwu ba. Ya Falmata tana kan rigar Malam Isyaku, saura mata kwana tara. Asabar ta sama za a ɗaura auren 'yarsa. In ta ajiye ta, ba za ta gama ba."

"Ban tambaye ki lissafin kwana ba, Sa'ida. Yanzu a ƙofar masallaci Alhaji Abdulbaƙi ya riƙe hannuna, a gaban mutum shida na ce masa an gama. Aska biyu, hannun Falmata, kafin Juma'a ta sama. Ga shaddarsa nan ya aiko." Ya ajiye leda a kan tebur. Farar shadda ce, irin mai tsayawa da kanta. "Isyaku na gida ne. Zai yi haƙuri."

"Shi ya sa ba zan taɓa shi ba."

Ya daɗe yana kallona da idanun nan nasa da suka fara fari. Sannan ya ce, a hankali, yadda masu bugu ba za su ji ba, ko da yake sun ji:

"Ni na haife ki ko allon nan?"

Ya fita. Bai ɗauki takalminsa na zuwa gida ba, da silifas ɗin alwala ya tafi.

Bari in tsaya in yi muku bayani, don na san wasunku sun riga sun fara zagina a zuci. Ku zaga, ba zan hana ku ba. Amma ku ji yadda abin yake.

Mahaifina, Malam Gwadabe, shekara arba'in yana harkar babbar riga a Mandawari. Shi ke karɓar aiki, shi ke zana askar, wato adon ƙirjin riga, a kan shadda, sai ya rarraba wa mata masu aikin hannu a gidajensu, daga lungunmu har Ƙofar Ruwa. Duk a kansa yake riƙe da komai: rigar wane, tana hannun wace, ta wace rana. Da idonsa ya fara rauni, kan ma ya fara gajiya. Sallar da ta wuce waccan, riguna uku suka tafi gidajen da ba nasu ba. Lokacin na dawo daga bautar ƙasa, ina zaune da digirina a cikin akwati. Na ce ya ba ni wata uku.

Na buɗe mana allo a wata manhaja ta tsara ayyuka. Layi biyar na yi: masu jira, wurin zane, a hannu, wurin bugu, an gama. Kowace riga da katinta, da sunan mai ita, da hoton shaddar, da ranar karɓa, da sunan wadda take ɗinkawa. Katin da ya rage masa wata kore ne, in ya kusa ya zama ruwan ɗorawa, in ya shiga sati biyu na ƙarshe ya koma ja. Mata tara ke mana aiki, kowace da yamma takan turo mini hoton inda ta tsaya, in saka a katinta. A ranar da nake ba ku labari, kati talatin da bakwai ne a buɗe, bakwai jajaye. Doka ɗaya na kafa: rana ce ke tsara layi, ba girman mai riga ba.

Ina alfahari da allon nan, ba zan ɓoye ba. Tun da na kafa shi ba a sake kai rigar wani gidan wani ba. Baba da kansa yakan ce wa abokansa, "Ku tambayi Sa'ida, ita ta san inda kowane zare yake."

Abin da ban faɗa muku ba shi ne wane ne Alhaji Abdulbaƙi. Mai shagon kayan ƙamshi ne a Kasuwar Kurmi, kuma mahaifin Muttaka. Muttakan da ya shekara biyu yana zuwa zaurenmu. Lahadi ta sama, kwana biyu bayan Juma'ar da Alhaji ke son rigarsa, ita ce ranar da aka tsayar manyansa za su zo neman aurena.

Da na shiga gida, na tarar labari ya riga ni. Gwaggo 'Yardada, yayar Baba, wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Ko sallamata ba ta amsa da kyau ba.

"A'a, manaja an dawo? A kawo miki kujera mai juyawa ko tabarmar talakawa ta ishe ki?"

"Gwaggo, don Allah."

"Don Allah me? Ubanki ya shigo ko ruwa bai sha ba. Ke da wa kike yi? Mutumin da zai zama surukinki ya nemi riga ɗaya tak, kin tsaya kina nuna wa ubanki talabijin."

"Ba talabijin ba ce, Gwaggo."

"Ko rediyo ce. Kafin a haife ki ana yin riga a gidan nan. In babba ya zo, a ɗaga na ƙasa, a ba shi haƙuri, a ƙara masa hula. Haka aka saba, ba wanda ya mutu."

"Kullum mutum ɗaya ake ba haƙurin. Wanda ba ya faɗa."

Ta ajiye faifan. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, alamar magana za ta yi tsawo.

"To ji nan. Ai akwai Aminat cikin matan da ke muku ɗinki. Ki ba ta ta ƙarasa ta Isyaku, Falmata ta kama ta Alhaji. Ko ki ba Aminat ta Alhajin, a ce Falmata ce. Wa zai sani?"

"Alhaji zai sani. Rigar hannunta ya gani a jikin abokinsa, shi ya sa ya kama sunanta."

"Ke dai ba kya son a zauna lafiya. Na sayi atamfar da zan sa ranar Lahadi, na ba tela. In kika sa na yi asarar ɗinki, wallahi ke za ki sa ta."

Na yi dariya ba da niyya ba. Ita ba ta yi ba.

Ina shiga ɗaki wayata ta yi ƙara. Muttaka.

*Ranki ya daɗe. Na ji wai an yi ƙaramin yaƙi a shago.*

*Wa ya faɗa maka?*

*Mandawari ce fa. Kafin ki rufe baki an ji a Kurmi. Sa'ida, Alhaji shi ne waliyyin 'yar ƙaninsa, Juma'a ta sama za a ɗaura aurenta. Ya riga ya faɗa wa mutane rigar gidan surukansa zai sa.*

*Akwai Aminat. Hannunta yana da kyau, ranar Alhamis za ta gama abin da ke gabanta. In ya yarda da ita, ni da kaina zan kawo masa ranar Laraba ta sama.*

*Kin san Alhaji. Falmata aka ce masa.*

*Falmata tana da aiki.*

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sai ga shi:

*Bara ai kin yi mini. Me ya canja?*

Na kife wayar a kan gado.

To, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau zan faɗa muku.

Bara, watanni kaɗan da kafa allon, Muttaka zai yi babban abokin ango. Ya zo mini da shadda ruwan toka, kwana goma kafin biki, yana murmushin nan nasa. Na buɗe allo, na ga katin da ke hannun Ya Falmata na Malam Isyaku ne. Tsohon malamin firamare ne a unguwarmu, shi ya koya mini haɗa baƙi. Ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa, za a yi masa walimar ajiye aiki, ya tara kuɗinsa ya sayi shadda don ya sa sabuwar riga ranar. Na sa yatsa na ja katinsa ƙasa, na ɗora na Muttaka a sama. Ko daƙiƙa biyu bai ɗauke ni ba. Na ce a raina, ai Malam ba zai yi magana ba.

Bai yi ba kuwa. Ya je walimarsa da tsohuwar riga shuɗiya wadda wuyanta ya koɗe. Na ga hoton, yana tsaye tsakanin ɗalibansa, kowa ya fi shi sabon kaya. Bayan kwana takwas ya zo ya karɓi rigarsa, ya yi mini addu'a har da ɗaga hannu.

Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Baba ya ɗauka shi ne ya faɗa mini ranar ba daidai ba. Ya taka har gidan Malam Isyaku ya ce, "Ka yafe ni, tsufa ne, kaina ya fara zuba." Ina jin sa yana ba Gwaggo labari, ban gyara masa ba. Har yau bai sani ba. Ita kuwa manhaja ba ta mantuwa. In ka buɗe tsohon katin ka gangara ƙasa, rubutun yana nan: Sa'ida ta matsar da wannan kati, ga rana, ga lokaci. Na sha neman yadda zan goge shi. Ba a gogewa.

Don haka in kuka ji ina cewa doka, doka, kada ku ɗauka ni wata mai gaskiya ce. Dokar daga baya ta zo.

Na ɗauki wayar na rubuta masa: *Abin da na yi bara shi ne ya canja.*



Washegari na sa hijabina ruwan ƙasa, na hau adaidaita zuwa Ƙofar Ruwa. Na ce ko akwai wata dabara da allo bai nuna mini ba. Ya Falmata 'yar Barno ce, kakanninta suka zo Kano, ta kusa shekara sittin. Na same ta a rumfar tsakar gidanta, rigar Malam Isyaku shimfiɗe a cinyarta, ƙamshin turaren wuta ya cika gidan. Aska takwas ce, farin zare a kan shadda ruwan madara. Sati biyar tana kanta.

"'Yar Gwadabe, yau da kanki? Hoton jiya bai shiga ba ne?"

"Ya shiga, Ya Falmata. Tambaya na zo yi. In aka ƙara miki aska biyu, a haɗa da wannan, kafin Juma'a ta sama?"

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Na'urar taki ta ce ina da hannu huɗu?"

"To in Aminat ta ƙarasa wannan fa?"

Ta kama hannuna ta ɗora yatsana a kan aikin. "Shafa. Kin ji yadda zaren ya kwanta? Ni ina ja da sauƙi. Aminat tana ja da ƙarfi, yarinya ce, jininta da zafi. Aikinta da kyau, ban ce ba. Amma in hannu biyu suka haɗu a riga ɗaya, ranar farko ba a gani. Sai an wanke, an buga. Sannan gefe ɗaya ya tattare, ɗaya ya saki, aljihu ya karkace. Mai rigar zai yi ta gyara kafaɗa bai san dalili ba." Ta mayar da allura. "In ubanki ya ce in ajiye, zan ajiye. Shi ya fara ba ni aiki tun kina goye. Amma ki faɗa mini da bakinki, don ke kike turo mini jan abu kullum."

Da na ce ta ajiye, da shi ke nan. Ba wanda zai zarge ni. Gwaggo za ta sa atamfarta.

"Ki ci gaba, Ya Falmata."

"To. Miƙo mini zaren can."

Na dawo na rubuta wa Alhaji Abdulbaƙi saƙo mai ladabi, na sake karantawa sau biyar, na ba Muttaka ya kai. Na ce Aminat za ta yi masa kafin Juma'a, ko kuma Ya Falmata ta yi masa bayan sati biyu. Amsar ba ta zo wurina ba. Wurin Baba ta zo, ta bakin wani maƙwabcin shagon Alhajin: Alhaji ya ce shi da Gwadabe ya yi magana, bai san akwai wani mai shago a sama da shi ba. A mayar masa da shaddarsa.

Ranar Laraba da safe na ga Baba ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a, ya ɗauki ledar.

"Baba, kawo in kai. Ni na jawo."

"Ke kika yi alkawarin?"

"A'a."

"To wanda ya yi shi zai je ya kwance." Ya tsaya a bakin zaure yana laluben sandarsa. "Shekara arba'in ban taɓa mayar wa mutum shaddarsa ba a ɗinka ba. Na yi latti, na yi kuskure, na ba da haƙuri. Amma ban taɓa cewa an gama ba, sannan in koma in ce ban isa ba."

Na bi shi da ido har ya sha kwanar lungu, ledar a hammata, yana taka gefen kwata a hankali. A nan ne ya kamata in bi shi in ce, Baba, bara ma ba kai ba ne, ni ce. Ban bi shi ba. Na koma na zauna gaban allo, na matsar da kati biyu zuwa wurin bugu, na tura wa mata uku tunin rana. Aiki bai tsaya ba ko na minti ɗaya, kuma na ji haushin kaina da bai tsaya ba.

Kwanakin da suka biyo baya, gidanmu ya zama gidan gaisuwa kawai. Ina kwana, lafiya lau. Gwaggo takan zuba mini abinci ta tura da ƙafa. Muttaka bai zo ranar Alhamis ba, bai zo ranar Asabar ba. Saƙo ɗaya ya turo: *Ina ƙoƙari a nan. Ki yi mini addu'a.* Na rubuta amsa uku na goge, na tura *Amin* kawai. Girman kai ne, na sani. Ban iya roƙo ba, ba a koya mini a makaranta ba, a gida kuma ban tsaya na koya ba.

Ranar Alhamis ta sama rigar Malam Isyaku ta dawo daga wurin bugu tana ƙyalli. Juma'a da hantsi Malam Isyaku ya zo, da kekensa da hularsa da ta sha wanki. Na buɗe masa ita a kan tebur. Ya daɗe yana shafa askar da bayan hannu kamar yana tsoron ɓata ta.

"Kwana ɗaya kafin rana," ya ce. "Sa'idatu, kin zama mutum."

"Aikin Ya Falmata ne, Malam."

Ya naɗe ta da kansa. Har ya kai ƙofa sai ya juyo.

"Na ji wata magana a masallaci, ban so na yarda ba. Wai saboda rigata aka mayar wa Alhaji Abdulbaƙi shaddarsa?"

Na sunkuyar da kai.

"Haba, 'yata. Me ya sa ba ki aiko an tambaye ni ba? Ai ina da ta bara, sau uku kawai na sa ta. Da ita zan je ɗaurin auren, ba wanda zai kula. Riga ce fa. Ki ɓata tsakanin manya saboda riga?"

"Na san za ka ce haka, Malam. Shi ya sa ban tambaya ba."

Ya girgiza kai, ba cikin fushi ba, irin yadda yake yi in ɗalibi ya kawo amsa daidai ta hanyar da ba ita ba. Ya ɗaure ledar a bayan keke ya tafi.

Na zauna na rasa abin da ke mini daɗi. Mutumin da na tsaya dominsa bai nemi in tsaya ba. Wataƙila ba dominsa na tsaya ba ma. Wataƙila don in wanke abin da na yi bara ne, kuma da fuskar Baba na wanke shi.

Ranar Asabar aka ɗaura auren 'yar Malam Isyaku. An ce da ya fito, sai da mutane suka juya suna kallon rigar.

Ranar Lahadi Gwaggo ta tashi tun asuba duk da komai. Ta sa an share zaure, an shimfiɗa dardumar baƙi, ta soya cincin da dubulan, ta sa sabuwar atamfarta koriya mai ganye. Ta ce manya ba sa fasa magana saboda shirmen yara. Ni ma na yi wanka na sa leshi ruwan hoda, na zauna a bakin gado da waya a hannu. Baba ya zauna a zaure da ƙannensa biyu tun bayan azahar.

La'asar ta yi. Aka yi salla aka dawo. Sanyin lemo ya gushe a cikin roba.

Ƙarfe biyar saura saƙon ya shigo.

*Alhaji ya ce a dakata tukuna. Bai sa rana ba. Ya ce yana son ya ga ko gidan da zan shiga ana jin maganar uba. Sa'ida, ni ban fasa ba. Amma ba zan zo ba sai da shi, kin sani.*

Na fita tsakar gida na miƙa wa Gwaggo wayar, na manta ba ta karatun boko. Ta dubi fuskata kawai, ta cire ɗankwalin atamfar ta ninke a cinya. Ni na je zaure na durƙusa na faɗa wa Baba, a gaban ƙannensa. Bai yi faɗa ba. Ya ce su tashi su tafi, Allah ya ba da lada. Ya naɗe dardumar da kansa, bai bar ni na kama masa ba.

Yau kwana goma sha tara ke nan. Kati talatin da bakwai ɗin nan duk sun fita a ranarsu, ko ɗaya bai yi latti ba. Har sababbin masu riga mun samu, wai sun ji a shagon Gwadabe ba a tsallake layi.

Amma Gwadaben ba ya zuwa shagon. In mutum ya tare shi a hanya da maganar riga, sai ya ce, "Ba ni da ta cewa, ku je wurin yarinyar." Muttaka yana turo gaisuwar Juma'a, layi ɗaya, irin wadda ake tura wa kowa. Ban ce na yi kuskure ba, kuma in aka sake kawo mini shaddar gobe, amsata ba za ta canja ba. Sai dai ku sani ba kyauta na tsaya ba. Tsayuwar nan ta ci mini ranar aurena, ta kuma raba mahaifina da abin da ya fi riƙewa a duniya, wato ya ce an gama a yarda da shi. Kuma shi bai san dalilin da ya sa na yi masa haka ba, don har yanzu ban samu ƙarfin faɗa masa ba.